Cutar Korona da Ciwon Ciki: Gudawar da Muke Rainawa

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya



Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Hakimi da 'yan majalisarsa, shugabannin rassan ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa da ƙanne da 'ya'ya waɗanda suka baro harkokinsu a Kano da Kaduna da Abuja da Legas domin halartar wannan zama, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kun iso lafiya kun kuma baro iyali lafiya.

Kafin in shiga magana ina neman afuwar manya, domin batun da kwamitin shirye-shirye ya ɗora mini ba irin wanda ake yi a gaban surukai ba ne. Zan ambaci bayan gida da masai da amai, sau da yawa kuwa. Alli na riƙe tsawon rayuwar aikina, amma duk wanda ya daɗe yana kiran sunayen yara da safe ya san cewa bayan zazzaɓin cizon sauro, babu abin da ke raba yaro da bencinsa kamar gudawa. Kunyar ambatonta kuwa tana cikin abubuwan da suka sa take yi mana ɓarna.

Akwai wata waya da kusan kowannenku ya taɓa amsawa. Kana ofis ko kana kasuwa, a kira ka daga gida, ka tambaya yaya jikin Baba, a ce maka da sauƙi, ɗan gudawa ce kawai ta taso masa tun shekaranjiya, ba ya kuma son abinci. Sai ka ce Allah ya sawwaƙe, ka tura kuɗi a sayo magani a kemis, ka koma kan aikinka da kwanciyar hankali. Wannan kalma ta "kawai" ita ce nake so mu zauna a kanta yau, ta fuskar cutar korona.

Kowa ya tuna yadda abin ya faro. A watan Disamba na 2019 cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da ita a Nijeriya a jikin wani Ba'italiye da ya sauka a Legas, a watan Afrilu kuma ta iso Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓacin da ta sa a kanta a ranar 5 ga Mayu, 2023, to amma janye doka daban, tafiyar cuta daban. Ƙwayar tana nan tana yawo a tsakanin mutane, tana sauya kama, sai dai ƙarfinta ya ragu a kan mafi yawan jama'a saboda riga-kafi da kuma kamuwar da aka riga aka yi. Abin da rediyo ya koya mana a wancan lokaci shi ne tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi, daga baya aka ƙara da daina jin ƙamshi da ɗanɗano. Duk gaskiya ne. Sai dai an bar mu da zaton cewa wanda ba ya tari ba korona ke damunsa ba, alhali tun daga farkon annobar likitoci sun ga tana taɓa ciki. Mutum na farko da aka tabbatar yana da ita a Amurka, wani ɗan shekara 35 a jihar Washington cikin Janairun 2020, ya yi tashin zuciya da amai, ya yi gudawa, aka kuma sami alamar ƙwayar a cikin bayan gidansa.

To, yaya cutar numfashi take kaiwa ga hanji? Bari in yi muku irin bayanin da zan yi wa 'yan aji shida. Ƙwayar korona ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, kuma ba kowace ƙofa take buɗewa ba. A jikinta akwai wasu tsinaye, waɗanda kuka sha gani a hoto kamar ƙayar ƙarangiya, su ne mabuɗinta. Kwaɗon da wannan mabuɗi yake buɗewa masana sun sa masa suna ACE2. Akwai shi a hanci da maƙogwaro da huhu, amma ƙaramin hanji yana cikin sassan jiki da suka fi ko'ina yawansa, domin a can yana taimakawa wajen tsotse wasu sinadaran abinci masu gina jiki. Ke nan gidan da muka zuba wa ido a ƙofar gaba yana da ƙofofi masu yawa ta baya. Mai mura kuwa yini yake yana haɗiyar majina da kaki ba tare da ya lura ba. A watan Mayu na 2020 wasu masana a biranen Utrecht da Rotterdam na ƙasar Holan suka raini ƙwayoyin hanjin ɗan Adam a ɗakin bincike, suka zuba musu korona, suka ga da idonsu ta madubin likita ta shige su tana hayayyafa. Idan bangon hanji ya kumbura ta haka, sai aikinsa na tsotse ruwa ya raunana, ruwan da ya kamata ya koma jini ya bi bayan gida ya fice. Ita ce gudawa.

Likitocin dabbobi ba su yi mamakin wannan ba, domin korona dangi ce babba, kuma tun da daɗewa sun san wata daga cikin dangin da ke sa 'yan maruƙa zawo har su mutu. Wannan ta shanu ce, ba ita ce ta same mu ba, na kawo ta ne domin ku ga cewa son hanji halin gidansu ne.

Game da yawan waɗanda abin ke samu, alƙaluman sun sha bamban gwargwadon yadda aka yi tambaya. Rahoton farko mai girma daga Sin, na majinyata 1,099, ya sami gudawa a kashi 3.8 cikin ɗari kacal, shi ya sa da fari aka ɗauke ta ba a bakin komai ba. Da wasu likitoci a lardin Hubei suka tsaya suka binciki majinyata 204 da kyau, sai suka tarar 103 sun zo da wata matsala ta ciki. Mafi yawa rashin son abinci ne, 35 gudawa, shida kuma ba su da wata alamar numfashi ko ɗaya. Daga baya masana a Hong Kong suka tattara bincike sittin na mutum fiye da dubu huɗu, suka ce kusan kashi 18 cikin ɗari suna samun matsalar ciki, wato kamar mutum ɗaya cikin shida. Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken Hubei shi ne, masu matsalar ciki sun fi jinkirin zuwa asibiti: kwana tara a matsakaici, alhali sauran kwana bakwai da 'yan awoyi. Su ma can sun ce "ɗan gudawa ce kawai". Ashe wannan raini ba mu kaɗai muka gada ba.

Ita gudawar korona galibi ba mai tsanani ba ce. Ruwa-ruwa take, sau uku zuwa biyar a yini, ta yi kamar kwana biyar ko mako guda ta tsaya, kuma ba kasafai take zuwa da jini ba. Takan zo da tashin zuciya, da murɗar ciki, da kasala, da zazzaɓi. Wani lokaci ita ke riga tari zuwa da kwana ɗaya ko biyu. Saurayi mai jini a jika zai shanye ta yana tafiyarsa. Tsohon da ya haura saba'in, mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon ƙoda, shi ne abin tsoro, domin ƙishirwa ba ta damun tsoho kamar yadda take damun yaro, ga zazzaɓi yana ƙone ruwan jiki, ga shi ya ƙi abinci. Wasu iyayen namu ma da gangan suke rage shan ruwa don kada a yi ta fita da su da dare. Kwana biyu a haka sai ƙoda ta fara gazawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Yanzu bari in kai ku Hong Kong, shekara ta 2003, lokacin cutar SARS, wadda yayar korona ce uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai wata unguwa ta dogayen benaye da ake kira Amoy Gardens. A watan Maris na shekarar wani mutum mai ɗauke da cutar ya kai wa ɗan'uwansa ziyara a ɗaya daga cikin benayen, yana gudawa, ya yi amfani da masan gidan. A ƙarƙashin magudanar kowane banɗaki akwai wani lanƙwasasshen bututu da ya kamata ya riƙe ɗan ruwa koyaushe, domin ya toshe iskar da ke tasowa daga babban bututun ƙazanta. A gidaje da yawa wannan ruwa ya ƙafe. Da mutane suka kunna fankar da ke fitar da iskar banɗaki, sai ta riƙa janyo feshin ƙazanta daga bututun zuwa cikin ɗakuna. Fiye da mutum 300 suka kamu a wannan unguwa, 42 suka rasu. Ku da kuke zaune a benaye da gidajen haya a birane, wannan labari naku ne. Idan banɗaki yana tashin wari daga magudana, a zuba ruwa a ciki, in bai daina ba a kira mai gyaran famfo. A rufe murfin masai kafin a kora ruwa.

Kada a fahimce ni a karkace. Babbar hanyar da korona ta yanzu take yaɗuwa ita ce numfashi, wato iskar da mai cutar ya fitar a ɗaki ko mota ko wurin taro. Abin da ake samu a bayan gida yawanci ɓurɓushin ƙwayar ne wanda ba ya iya harbin wani. Sai dai ɓurɓushin yana daɗewa: a wani bincike a birnin Zhuhai na Sin an ci gaba da ganinsa a bayan gida kimanin kwana goma sha ɗaya bayan ya ɓace daga maƙogwaro. Wannan ma ya zama alheri ta wani ɓangare, domin hukumomi sun koma auna ruwan ƙazantar gari don sanin ko cuta ta shigo. A garin Amersfoort na Holan an gano korona a magudana a farkon Maris na 2020, kwana shida kafin a sami majinyaci na farko. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin tun 2011 ake ɗibar ruwan kwatoci a Kano ana neman ƙwayar shan inna.

Duk da haka tsafta ba ta faɗi ƙasa banza ba. Mu mutane ne masu tsarki da ruwa, wannan kuwa abin yabo ne, amma buta guda takan zaga hannun mutum ashirin a gidan haya, daga nan a zauna a sa hannu a kwano ɗaya. Ruwa zalla ba ya wadatarwa. Ƙwayar korona tana lulluɓe da wani ɗan maiƙo, sabulu kuwa maganin maiƙo ne, yana farfasa ta cikin kamar daƙiƙa ashirin na cuɗa hannu. A ajiye sabulu a bakin masai, a kuma wanke mariƙin butar kanta.

Na zo wurin da nake so ku ba ni hankalinku gaba ɗaya. A ƙasarmu, duk wanda ya ga gudawa ya ce korona ce kafin ya kore kwalara ya yi ganganci. A shekara ta 2021, lokacin da hankalin duniya ke kan korona, Hukumar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta lissafa mutum wajen 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki. Waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a Nijeriya tun daga farkonta ba su kai 3,200 ba, ko da yake kowa ya san ba kowa aka auna ba. Kwalara tana da kamanninta: bayan gida fari tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, mai yawan gaske, galibi babu zazzaɓi, jijiyoyin ƙafa suna ɗaurewa, kuma tana iya kayar da ƙato cikin 'yan awoyi. Wannan ba a kwana da ita a gida. Idan kuma akwai jini da majina, wannan atuni ne, maganinsa daban. Ga taifot, ga zazzaɓin cizon sauro wanda shi ma yakan sa yara amai da zawo. Ido ba ya rabe waɗannan, sai awo.

Abin farin ciki shi ne, ko wacce ce daga cikinsu, taimakon farko ɗaya ne, wato mayar wa jiki ruwan da ya rasa. Ruwan gishiri da sukari da muke yi wa kallon abin talaka yana da tarihi. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifi ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a garin Bangaon na Indiya, ruwan ƙari ya ƙare, sai wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a ganguna, 'yan'uwan majinyata suna ba su da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Hikimar ita ce, ko hanji ya raunana, sukari yakan ja gishiri ya shige da shi, ruwa kuma ya bi gishiri. Wanda aka haɗa a ƙunshi, wato ORS, shi ya fi. In babu shi, a sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata, a zuba sukari cokalin shayi shida a shafe, ba a tsiri ba, da gishiri rabin cokalin shayi. Kada gishirinsa ya wuce na hawaye. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, in an yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Kada a hana majinyaci abinci: koko, kunu, fate, romo, ayaba, duk abin da ransa ya karɓa. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zinc kullum har kwana goma zuwa sha huɗu, miligiram 20 ga wanda ya wuce wata shida, 10 ga wanda bai kai ba.

Sai kuma maganin kemis, inda kuɗinku suke tafiya. Mun saba da cewa da ciki ya motsa sai a nemo Flagyl da kafso ja da rawaya. Waɗannan an yi su ne domin bakteriya da wasu ƙwayoyin atuni. Korona bairos ce, ba sa yi mata komai, kamar ka ɗana wa sauro tarkon ɓera ne. Ba ma a nan abin ya tsaya ba. A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyi masu amfani, ba su ƙirguwa, su ke taya mu narkar da abinci, su kuma tsare wuri kada miyagu su samu. Masana a Hong Kong sun nuna a 2021 cewa korona da kanta tana rage wasu daga cikinsu. In ka bi su da kafso babu dalili, ka kori masu gadi ke nan bayan ɓarawo ya riga ya shigo. Da yawa daga gudawar da aka gani a lokacin annoba magunguna ne suka jawo ta, irin su azithromycin da mutane suka yi ta sha barkatai. Maganin tsayar da gudawa kuma, irin su Imodium, ba a ba ƙananan yara, ba a kuma sha idan akwai jini ko zazzaɓi mai zafi. Wanda yake kan maganin sukari ko na hawan jini, in gudawa da amai suka hana shi ci da sha, a tuntuɓi likitansa a ranar, domin wasu daga cikin magungunan nan suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe.

Iyaye mata, akwai wani abu game da yara. Mafi yawansu korona ba ta ba su wahala. Amma a watan Afrilu na 2020 likitoci a Ingila suka lura da wasu 'yan ƙalilan da, bayan mako biyu zuwa shida da kamuwa, sukan zo da zazzaɓi mai naci, da ciwon ciki mai tsanani, da amai da gudawa, idanu sun yi ja, wani lokaci da ƙuraje, har akan zaci afendis ne. Garkuwar jikin yaron ce ta harzuƙa bayan cutar ta wuce, kuma takan taɓa zuciya. Ba kasafai yake faruwa ba, yana kuma warkewa idan an je asibiti da wuri. Ina roƙo, a daina jingina kowace gudawar yaro ga fitar haƙori.

Akwai kuma waɗanda suka warke amma cikinsu bai koma daidai ba. A jami'ar Stanford ta Amurka an bi mutum 113, aka tarar kusan kashi 13 cikin ɗari suna fitar da ɓurɓushin ƙwayar bayan wata huɗu, kusan kashi 4 har bayan wata bakwai. Wani binciken na 2023 kan tsofaffin sojojin Amurka fiye da 154,000 ya nuna cewa cikin shekara guda bayan kamuwa, haɗarin samun matsalar ciki ya ƙaru da kashi 36 cikin ɗari, kamar ƙwannafi, da gyambon ciki, da kumburi, da gudawa mai musanya da taurin bayan gida. A wurinmu duk wannan sunansa basir, maganinsa kuma yana bayan mota mai lasifika a bakin kasuwa. Wanda canjin bayan gida ya bi shi fiye da wata guda, musamman in yana ramewa ko yana ganin jini, ya je a duba shi, domin akwai cututtukan hanji masu nauyi da ke fara sallama da irin wannan, kada a ɗora wa korona laifin da ba nata ba.

Saboda haka idan wayar nan ta sake zuwa, kada ka yi saurin kashewa. Tambayi kwana nawa ke nan, sau nawa a yini, kuma yaya kamanninsa, ko da kunya za ta sa ka nemi ƙanwarka ta yi tambayar a madadinka. Tambayi yaushe rabonsa da fitsari. In an ce tun safe bai yi ba, ko idanu sun faɗa, ko an tsunguli fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko tsoho ya fara magana ba kan gado, ko numfashi ya yi sama, ko bayan gida ya zo da jini ko baƙi ƙirin, ko ciki ya ƙulle da ciwon da ba ya lafawa, to kuɗin da za ka tura na mota ne zuwa asibiti. Tambayi ko akwai mai mura ko tari a gidan, in akwai a raba wa tsohon ɗaki, a buɗe tagogi, mai jinya ya rufe hanci da baki. Kafin ka ajiye wayar kuma, ka sa a haɗa ruwan gishiri da sukari kana ji, ka ƙirga cokulan tare da su.

Ina ba rassa shawara, duk mai zuwa gida hutun salla ko biki ya sa ƙunshin ORS guda goma da katin zinc a cikin tsarabarsa, ya damƙa wa wadda ta fi kula da tsofaffin gidan, ya nuna mata yadda ake haɗawa.

Mai girma shugaba, na ga mai kula da lokaci ya miƙe tsaye.